Fitilar da ke makantar da mu a hanya, da batirin da ke mutuwa da asuba

Yau maganar fitilar mota zan yi. Na san wasu za su ce duk abin da ke damun ƙasar nan an bari, an koma kan fitila. To, mai faɗin haka ya hau babur bayan sallar isha'i ya bi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogondutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram har Difa, sannan ya dawo mu yi magana. Hanya ce mai hannu biyu, ba abin da ya raba mai tafiya da mai dawowa, kuma da zarar an fita gari babu fitilar titi. A kanta manyan motoci da ƴan kabu-kabu da amalanke da mai kora shanu duk suke haɗuwa cikin duhu.

A ƴan shekarun nan wata sabuwar ɗabi'a ta shigo. Mutum zai sayi mota, kafin ya duba birki ko taya sai ya kai ta wajen mai gyaran wuta a cire masa ƙwan fitilar da ta zo da shi, a sa masa farin ƙwan LED ɗin nan mai ɗaukar ido. Wani bai tsaya nan ba, sai an jera masa doguwar fitila a goshin mota, irin wadda aka yi don masu ratsa sahara inda ba kowa a gabansu. Da ita zai shigo tsakiyar gari. Masu babur ma sun bi sahu, har da mai walƙiya ja da shuɗi.

Ni ban ce direba ba shi da hujja ba. Yana da ita. Ramuka na nan, jakai na kwana a kan kwalta, amalanke ba ta da ko ɗan abin da ke ƙyalli a bayanta, babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya alamarta kawai rassan itace da aka jera. Galibin motocinmu kuma tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai, gilashin fitilarsu roba ce wadda rana da ƙura suka mayar rawaya. Wanda ba ya gani dole ya nemi gani. Abin da nake ja a kai shi ne hanyar da aka bi, don hasken da ya ƙara wa kansa daga idon wani ya ɗebo shi.

Ga yadda abin yake. Fitilar mota ba ƙwai kaɗai ba ce. A bayan ƙwan akwai madubi mai lanƙwasa, wanda aka ƙera shi daidai da wurin da siririn zaren wutar ƙwan yake. Shi ke tattara haske ya zuba shi ƙasa a kan hanya, ya yanke shi daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Ƙwan da aka fi sani, H4, wat 55 ne a kod, wat 60 a far. In aka cusa ƙwan LED na arha a gidan da aka yi wa wannan zaren, hasken yana fitowa daga wani wuri dabam da wanda madubin ya sani, sai ya watse ko'ina: sama, gefe, kan itatuwa, fuskar mutane. Mai mota yana ganin gabansa ya yi fari fat ya ɗauka ya samu ƙari, alhali sau da yawa nesa ba ta ƙaru ba, kusa ce ta yi haske har ta hana idonsa ganin nesa. Shi kuma na gabansa, ko an saukar masa zuwa kod, kamar far yake gani. Shi ya sa ake ta faɗan kashe-ka-kunna a hanya, kowa na ganin ɗan uwansa ne ya ƙi saukarwa.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In fitila ta ɗauke maka ido na daƙiƙa 3 kawai, ka yi mita 75 ba ka ganin komai. A cikin mita 75 ɗin nan ne yaron da ke kora awaki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowa asara. Nan ne abin ya zama maganar adalci a wurina. Mai doguwar mota yana zaune can sama, hasken wani da wuya ya kai idonsa sosai. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace da goyo, da dattijon da ido ya fara rauni, su ne a daidai bakin fitilar. Wanda ya fi kuɗi shi ya fi haske, wanda ya fi talauci shi ke sauka daga kwalta ya faɗa rairayi.

Abin dariya kuma, ko in ce abin takaici, shi kansa mai fitilar ba ya tsira. Shi ne za ka gani da asuba a ƙofar gida ya tara yaran unguwa, "ku taimaka ku tura min". Gaskiya ƙwan LED kansa bai kai tsohon ƙwai shan wuta ba. Inda ake ɓata lamarin shi ne haɗin. Ana jan waya kai tsaye daga kan batir zuwa ƙarin fitilun, ba rele, ba fizibil, ba a bi ta makulli ba, a murɗe waya da hannu a naɗe da leda. Ka kashe mota ka cire makulli, wani abu na nan yana tsotsar batir har gari ya waye. Wasu kuma ƙwai mai wat 100 suke sawa a inda aka yi wa 55: guda biyu suna jan kusan amfiya 17 maimakon 9, waya ta yi zafi, soket ya narke. Wayar da ba fizibil in ta gogi ƙarfe, wuta ce.

Ga shi dama batir a ƙasarmu ba ya tsawon rai. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana ƙafar da ruwansa yana cin cikinsa, tafiyar cikin gari daga gida zuwa kasuwa ba ta isa ta mayar masa da abin da tashin mota ya ci, kuma duk lokacin da ya mutu murus ba ya komawa yadda yake. Kafin ka zagi mai sayar da batir, ka sa a auna: lafiyayyen batir mota a kashe yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, matsalar daga alternata ce ko bel ɗinta, ko sabon batir ka sa kwana kaɗan zai yi.

Dan Allah kuma a bar wannan gwajin na cire kan batir inji na aiki wai a ga ko mota za ta mutu. Motocin yanzu suna da kwamfuta, wutar da ke tsalle a lokacin tana iya ƙona ta. Haka aron batir a ta da mota sannan a cire shi tana aiki. In za a ba ka wuta daga wata mota, jar waya daga + zuwa +, baƙar daga – na mai rai zuwa wani ƙarfe tsirara a jikin injin wadda ta mutu, nesa da batir, saboda batir na fitar da iskar da tartsatsi ɗaya ke iya tayarwa. Kada a karɓi wuta daga babbar mota mai bolt 24. Mota mai otomatik kuwa ko duk unguwa ta fito turi ba ya ta da ita.

Yanzu ga magabata. Muna da bizit teknik da ake biya, muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya ANISER, muna da jandarmomi da ƴan sanda a kowace mashiga. Me ya hana auna fitila ya zama abin da ake dubawa da gaske, kamar yadda ake duba takardu? Me ya hana a ce doguwar fitila a rufe ta in an shigo gari ko hanyar da ake haɗuwa? Ni ba na kiran a buɗe wata sabuwar ƙofar tatsar direba a bakin hanya, wannan mun gaji da ita. A fara da masu gyaran wuta: yawancinsu yara ne masu basira da suka koyi aiki a garaji da ido, ba wanda ya taɓa nuna masu yadda ake saita fitila. Horon yini biyu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai zai canza abubuwa da yawa. A kuma raba wa masu amalanke ɗan ƙyallen mai ƙyalli su liƙa a baya, don a rage wa direba tsoron da ke kai shi sayen waɗannan fitilun tun farko.

Kai kuma mai mota, akwai abin da za ka iya yi daren yau ba ko dala. Tsayar da motar a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, ka kunna kod. Auna tsayin fitilarka daga ƙasa, ka sa alama a bangon. Layin da haske ya yanke ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kusan santimita 10. In ya haura, akwai sukurori a bayan fitila da ake murɗawa a saukar da shi. In ba ka ga layi ba sam, haske ya bazu kamar an watsa ruwa, to ƙwan nan bai dace da gidansa ba, ka mayar da irin na asali, ka sa a goge maka robar da ta yi rawaya. In kuma ka loda buhunan gero ko albasa a baya har gaban mota ya ɗaga, duba kusa da sitiyari: motocin Turai da yawa suna da wani ɗan maɓalli mai juyawa da aka rubuta 0, 1, 2, 3 a jikinsa. Murɗa shi zuwa 2 ko 3 kafin ka kama hanya.