Dala Dubu Uku Saboda Gurabe Shida: Abin da Ake Saya a Kwamfutar Ƙwararru

A ranar 5 ga Yuni, 2023, kamfanin Apple ya gabatar da kwamfutocin tebur guda biyu a taronsa na shekara-shekara na masu ƙirƙirar manhaja. Ɗaya Mac Studio ce, 'yar akwatin da za ta zauna ƙarƙashin allo ba tare da ta tare wuri ba. Ɗayar kuwa Mac Pro ce, doguwar akwatin alminiyam mai nauyin kusan kilo 17. Furosesa iri ɗaya ce a cikinsu, M2 Ultra, mai cibiyoyin lissafi 24. Ma'adanar aiki, wadda aka fi sani da RAM, gigabait 64 ce a kowacce, kuma ko mutum ya ƙara kuɗi, duk biyun a gigabait 192 suke tsayawa. Amma farashin ta farko dala 3,999 ne, ta biyun kuma dala 6,999.

Babban abin da wannan rata ta dala 3,000 take saya shi ne gurabe shida a cikin akwatin, inda ake cusa katunan ƙari: na sarrafa sauti, na karɓar bidiyo daga kyamarori, na ajiya mai sauri, na sadarwa. Katin hoto, wanda shi ne abin da yawancin masu sayen irin wannan na'ura suke son canzawa idan ya tsufa, ba ya aiki a waɗannan guraben. RAM ɗin ma a haɗe take da furosesa, ba a ƙara ta bayan an saya. Ga mai ɗakin haɗa sauti da ya riga ya zuba dukiya a katunan da aikinsa ya dogara a kansu, guraben nan su ne aikin gaba ɗaya, kuma ba zai tsaya ciniki ba. Wanda ba shi da irin waɗannan katuna kuwa, dala 3,000 ya biya kuɗin iskar da ke cikin akwati.

Wannan misali ya bayyana yadda kasuwar manyan kwamfutocin ƙwararru take, ko ta Apple ce, ko jerin Z na kamfanin HP, ko ThinkStation na Lenovo, ko waɗanda Dell ya daɗe yana sayarwa da sunan Precision. Tallarsu kan sauri take dogara, amma ƙarin kuɗin da ake biya, mafi yawansa na ɗage iyaka ne: iyakar yawan RAM, iyakar katunan da za a iya sakawa, iyakar tsawon lokacin da na'ura za ta yi tana aiki cikin matsi ba tare da ta yi kuskure ba. Wanda aikinsa ya riga ya kai wannan iyaka, kowace kwabo da ya biya ta biya kanta. Wanda bai kai ba, kuma su ne mafi rinjaye, ya sayi tirela ne don kai yara makaranta.

A fara da yawan cibiyoyin lissafi, tunda shi ne adadin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. A ƙarshen 2023 kamfanin AMD ya fitar da furosesa Threadripper Pro 7995WX mai cibiyoyi 96, a kan kusan dala 10,000, furosesar kaɗai, ba akwati, ba RAM, ba katin hoto. A watan Agustan 2024 kamfanin ya fitar da Ryzen 9 9950X, ta kwamfutar gida, mai cibiyoyi 16, a kan dala 649. Cibiyoyin ta farko sun ninka na ta biyu sau shida, kuɗinta kuwa ya ninka fiye da sau 15.

Tun 1967 wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ya nuna dalilin da ya sa ninka ma'aikata ba ya ninka aiki. A kowane aiki akwai sashen da za a iya rabawa, akwai kuma wanda dole ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. A wurin gini, leburori ɗari za su kwashe bulo cikin ƙiftawar ido, amma ba za su sa siminti ya bushe kafin lokacinsa ba. Idan kashi 90 cikin 100 na aiki yana rabuwa, kashi 10 ba ya rabuwa, cibiyoyi 16 za su gama shi da saurin da ya ninka na cibiya ɗaya sau 6.4. Cibiyoyi 96 za su ninka shi sau 9.1 kacal. Ko an kai cibiyoyi dubu, ba za a taɓa wuce ninki goma ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yawancin aikin zanen gini da na injiniya, lokacin da mutum yake zaune yana ja yana gyarawa a manhaja irin AutoCAD, a kan cibiya ɗaya yake gudana. A nan saurin kowace cibiya ne ke magana, kuma ƙaramar furosesar ce ke gaba: ƙololuwar gudunta gigahaz 5.7 ne, na babbar kuwa 5.1. Mai zanen gine-gine yana iya biyan kuɗi ninki-ninki, ya zauna gaban na'urar da a aikinsa na yau da kullum ba ta fi mai araha sakin jiki ba. Inda cibiyoyi 96 suke nuna kansu shi ne aikin da ke rabuwa kusan ɗari bisa ɗari: fitar da hotunan fim na kwamfuta, kwaikwayon yadda iska ke bi ta jikin fukafukin jirgi, tace bayanan binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa, harhaɗa babbar manhaja. Mai irin wannan aiki ya san kansa, ba ya buƙatar talla ta gaya masa.

Labarin katin hoto ya fi wannan ban sha'awa, domin a nan ne hujjar masu sayarwa ta fi ƙarfi. Katin GeForce RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda aka yi domin masu wasannin kwamfuta, ya fito a watan Oktoban 2022 a kan dala 1,599. Ɗan'uwansa na ƙwararru, RTX 6000 Ada, an sayar da shi a kan kusan dala 6,800. Guntun lantarki iri ɗaya ne a cikinsu. Na ƙwararrun yana da ƙananan cibiyoyi 18,176, na wasan yana da 16,384, bambancin da bai kai kashi 11 cikin 100 ba. Wanda ya dubi wannan kaɗai zai ce fashi ne da tsakar rana.

Sai dai na wasan gigabait 24 na ma'adana gare shi, na ƙwararrun kuma 48. Wannan bambanci ba a auna shi da kashi-kashi, domin aiki ko dai ya shiga cikin ma'adanar katin ko bai shiga ba. Tsarin ƙirƙirarriyar basira mai ma'auni biliyan 70, idan aka matse shi zuwa rabin bait a kan kowane ma'auni, yana buƙatar gigabait 35 kafin a ƙara komai a kansa. A kati mai 48 zai zauna ya yi aiki. A mai 24 sai an yanka shi, wani sashe ya koma RAM ta kwamfuta, saurin kuma ya faɗi warwas. Ƙari a kan haka, katin ƙwararrun wat 300 yake ja maimakon 450, kuma siriri ne, gurbi biyu yake ci, yana fitar da zafinsa ta bayan akwati, ta yadda za a iya jera guda uku ko huɗu a na'ura ɗaya. A lokacin da waɗannan katuna suka fito, mai bincike da bayanansa suka wuce gigabait 24 ba shi da zaɓi mai araha. Mai tace bidiyon biki kuwa ba zai taɓa cika rabin ma'adanar ba.

Akwai kuma abin da ba a gani sai ranar da ya faru. Kwamfutocin ƙwararru suna amfani da RAM mai gyara kuskure, wadda ke ganowa idan sifili ya juye ya koma ɗaya ba da umarni ba, ta mayar da shi yadda yake. Wannan matsala ba tatsuniya ba ce. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda ya bi diddigin kwamfutocin kamfanin Google na tsawon shekara biyu da rabi, ya gano cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a cikin shekara. Idan kuskuren ya faɗa kan ɗigo ɗaya a hoton bidiyo, babu wanda zai lura. Idan ya faɗa cikin lissafin ƙarfin gada da ya yi kwana uku yana gudana, ko dai aikin ya rushe a sake daga farko, ko kuma, abin da ya fi muni, ya kammala da amsar da ba daidai ba. Wannan inshora ce, kuma darajar inshora tana bin girman abin da za a yi asara.

Haka batun shaidar dacewa da manhaja. Kamfanoni irin Autodesk da Dassault Systèmes, mai manhajar SolidWorks, suna gwada wasu na'urori da katuna su tabbatar da su, ta yadda idan matsala ta taso ba za a ce wa mai aiki laifin kwamfutarsa ne ba. Ga kamfanin da ke da injiniyoyi ɗari, wannan kaɗai ya isa dalili.

Duk waɗannan fa'idodi, idan aka bi su zuwa tushe, lokaci suke saya, kuma lokaci ba farashi ɗaya gare shi a ko'ina ba. A ɗauka ƙarin dala 3,000 ya rage wa ma'aikaci jiran rabin sa'a a kowace rana. A kwanakin aiki 240 na shekara, sa'o'i 120 ke nan, a shekara uku 360. Kowace sa'a da aka ceto ta tashi a kan dala 8 da 'yan kai. Kamfanin da ke Kalifoniya ko Munik, inda sa'ar injiniya ta ninka wannan sau da yawa, ba zai ɓata lokacin taro a kan maganar ba. Ai saboda irinsa aka yanka farashin tun farko.

A kawo lissafin nan Kano ko Abuja, sai ya canza kama. Kwanaki kaɗan bayan Apple ya gabatar da na'urorin nan biyu, a tsakiyar Yunin 2023, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta bar wajen naira 460 a farashin hukuma, kuma a 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi, dala 3,000 naira miliyan 4.5 ce, kowace sa'a da aka ceto kuma ta tashi a kan naira 12,500. Ofishin zanen gini ko ɗakin tace finafinai ya tambayi kansa ko sa'ar ma'aikacinsa tana kawo ribar da ta kai haka. Wasu za su amsa da e. Yawanci ba za su iya ba.

Ga kuma wuta, wadda takardar talla ba ta ambata. Furosesar mai cibiyoyi 96 kaɗai wat 350 take ja. A haɗa da kati mai wat 300 da sauran kayan ciki, na'urar tana iya kaiwa wat 700 idan aiki ya yi zafi. Sa'a takwas a haka kilowat-awa 5.6 ke nan. A farashin naira 225 da aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira 300,000 a shekarar aiki, ban da na sanyaya ɗakin da wat 700 yake ɗumamawa a watan Afrilu, ban da girman inbata da batiran da za su riƙe ta idan an ɗauke wuta ana tsakiyar lissafin kwana uku. Garantin shekara uku da manyan kamfanoni kan haɗa da irin waɗannan na'urori, wanda ma'aikaci ke zuwa har ofis ya gyara, shi ma yana cikin farashin, amma amfaninsa ya danganta da ƙasar da aka saya da kuma inda kamfanin yake da wakilai. Wanda ya shigo da tasa daga Dubai cikin kayan tafiya ya biya kuɗin hidimar da mai yiwuwa ba za ta iso ƙofarsa ba.

Hujjar ƙarshe da masu sayarwa suke riƙewa ita ce ƙarko: a saya sau ɗaya, a riƙa ƙara mata kaya har shekara goma. Tarihin Mac Pro bai goyi bayan wannan ba. Ta 2013, mai siffar tulu, an ƙera ta ne ta yadda ba ta iya ɗaukar zafin sababbin katuna, har shugabannin Apple suka amsa hakan a gaban 'yan jarida a watan Afrilun 2017. Ta 2019 ta gyara wannan, tana ɗaukar RAM har terabait 1.5, amma ƙasa da shekara guda bayan fitowarta kamfanin ya sanar da barin furosesar Intel da aka gina ta a kai. Ta 2023 kuma, a watan Maris na 2025 ta ga ƙanwarta Mac Studio ta samu sabuwar furosesa M3 Ultra da RAM har gigabait 512, a farashin farawa na dala 3,999 kamar dā, ita kuwa a lokacin tana nan da tsohuwar furosesa da tsohon farashi. Cikin ƙasa da shekara biyu, mai tsadar ta zama mai rauni a gidansu.

Saboda haka ga yawancin ƙwararru, ciniki mafi kyau yana mataki ɗaya ƙasa da abin da ake tallatawa: kwamfutar tebur mai cibiyoyi 12 ko 16, da RAM mai yalwa, da katin hoto gwargwadon aiki, ragowar kuɗin kuma a zuba shi a allo mai kyau, da ajiya ta biyu, da batira. Aikin da ke buƙatar cibiyoyi ɗari sau biyu a shekara, ana iya hayar na'ura ta intanet a biya kuɗin sa'o'in kawai, muddin layin zai iya ɗaukar bayanan. Hanyar gane ko an kai iyaka ma ba ta buƙatar mashawarci. Kowace kwamfuta tana da shafin da ke nuna yawan RAM da furosesa da katin hoto da ake amfani da su a kowane lokaci. A bar shi buɗe mako guda na aiki sosai. Idan RAM tana cika maƙil kullum, ko dukkan cibiyoyi suna tsaye a ƙololuwa na sa'o'i, to an kai iyaka, kuma an san wace ce.

Kasuwar gwanjo ma tana da nata rabon. Manyan kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin kuma su faɗo kasuwa da arahar da ba ta kama da farashinsu na asali ba, da RAM mai gyara kuskure da akwati mai ƙwari. Abin lura shi ne Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma Windows 11 ba ta amince da furosesoshin da ke cikin irin su HP Z440 ba. Mai aiki da Linux bai damu da wannan ba. Wanda manhajarsa sai da Windows, ya duba sunan furosesar a jerin Microsoft kafin ya taya.