Waya Ba Ta Gaji NEPU Ba: Raddi Ga Masu Cewa Siyasar Talakawa Ta Koma Intanet

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin matasanmu masu ilimi, musamman tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Cewa suke yi kafafen sada zumunta su ne jam'iyyar NEPU ta wannan zamani. A ganinsu, abin da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi da ƙafa da keke da lacca a bakin kasuwa, yau ana yin sa da babban yatsa a Facebook da TikTok da X, kuma duk mai neman ra'ayin kawo sauyi da sukar jari-hujja ya buɗe wayarsa kawai zai sha ya ƙoshi. Masu wannan magana ba abokan gaba ba ne. Yawancinsu halin da talaka yake ciki yana ci musu rai kamar yadda yake ci mini. Wannan ne ma ya sa raddin ya wajaba, domin kuskuren masoyi ya fi na maƙiyi ɓarna: shi ne ake ɗauka ba tare da an auna ba.

Hujjarsu ta farko ita ce, a da sai mai gidan jarida ko gidan rediyo ya yarda ake jin muryarka, yau kuwa babu mai tsaron ƙofa, ɗan dako da ɗan gwamna duk shafi ɗaya gare su. Amsa ita ce mai tsaron ƙofa yana nan, ganinsa ne kawai ba a yi. Kowa yana iya rubutawa, gaskiya ne, amma ba kowa ake nuna wa jama'a ba. Akwai manhajar da ke zaɓa maka abin da zai zo gabanka, kuma an gina ta ne domin ta riƙe idonka a kan waya har a sayar wa masu talla da lokacinka. Wannan ba zato ba ne. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin yake ba alamun motsin rai, har da alamar fushi, nauyi ninki biyar a kan alamar "so", kuma wasu jam'iyyun Turai sun koka cewa sauyin da aka yi wa manhajar a 2018 ya tilasta musu zafafa harshe idan suna son a gan su. A shekarar 2021 ɗin dai, Twitter (wato X na yanzu) da kansa ya wallafa binciken da ya yi a ƙasashe bakwai, ya gano cewa a shida daga ciki manhajarsa ta fi ɗaukaka muryar 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau a kan ta masu ra'ayin sauyi; Jamus ce kaɗai ta fita daban. Shekara guda bayan haka mutum ɗaya, Elon Musk, ya saye dandalin dungurungum a kan dala biliyan 44. Wane irin dandalin talakawa ne attajiri ɗaya zai iya sa shi a aljihu, ya sauya dokokinsa da safe ya sake sauyawa da yamma?

Sannan a tambaya: wane ne "kowa" ɗin? Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa a Nijeriya, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zurmi ko Batsari, da matar da ke surfe a biya ta da tsaba, ba su ne ke muhawara a X ba. Ana magana a kansu ne, ba su ke maganar ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi damuna, kuma a kanta zan daɗe. Sun ce ra'ayin talakawa ya cika intanet, ga masu zagin gwamnati ko'ina. A nan ne aka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: fushi da nazari. Zagin gwamna ba aƙida ba ce. Wanda ya zagi gwamna saboda ubangidansa ya faɗi zaɓe, da wanda ya soki tsarin da ke sa kowane gwamna ya zama haka, ba hanyarsu ɗaya ba, ko da kalmominsu sun yi kama. Mun san sojojin baka tun a rediyo. Yau sun koma waya, ana ce musu 'yan data, ana biyansu wata-wata. Binciken da BBC ta fitar a Janairun 2023 ya nuna jam'iyyu suna biyan masu tarin mabiya a ɓoye domin yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Tun kafin nan, an fallasa cewa an ɗauko kamfanin Cambridge Analytica a zaɓen 2015 domin yaɗa bidiyon tsoratarwa mai ɗauke da launin addini. Mai kuɗi ya riga talaka gane amfanin wannan kafa, kuma ya fi shi abin sayen ta.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi idan na ci karo da wanda ake kira ɗan gwagwarmaya. Shin yana faɗin wanda ya ci riba, ko wanda ya yi laifi kawai yake nunawa? Idan ya yi maganar tsadar taki, yana bin ta har zuwa ga dillalin da ya karɓi kason gwamnati ya karkatar, da bankin da ya ƙi ba ƙaramin manomi rance? Idan ya yi maganar filaye, yana tambayar yadda gonakin gefen birni suka koma rukunin gidajen da masu gonar ba za su iya kama hayar ɗaki a ciki ba? Yana maganar albashi, da bashin da ƙasa ke biya, da kuɗin makaranta? Mafi muhimmanci, idan nasa ya hau mulki ya aikata abin da yake suka jiya, bakinsa yana nan ko ya mutu? Ka ɗora wannan ma'auni a kan shafuka ɗari, ka ga nawa za su rage.

Batun tallafin mai ya isa misali. A zaɓen 2023, manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, duk sun yi alƙawarin cire shi. Magoya bayansu sun yi watanni suna yaƙi a intanet a kan addinin ɗan takara da ƙabilarsa da lafiyarsa da takardun makarantarsa, alhali a kan abin da zai shiga tukunyar kowa bakin iyayen gidansu ɗaya ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cirewar a jawabin rantsuwar Tinubu, kafin mako ya zagayo farashin lita ya ninka kusan sau uku. Da a ce ra'ayin talakawa ne ya cika kafafen, da wannan ce muhawarar da za ta mamaye su kafin zaɓe, ba bayan aski ya zo gaban goshi ba.

Ba ina cewa babu nazari na gaskiya a intanet ba. Akwai, amma sai ka tafi nemansa da ƙafarka, ba zai zo maka ba. Mujallar Review of African Political Economy, wadda ke fitowa tun 1974, tana nan ana karanta ta kyauta. Akwai Africa Is a Country. Akwai takardun ƙungiyar ASUU da na ƙungiyoyin ƙwadago, akwai ayyukan cibiyar CEDDERT a Zariya da na Gidan Mambayya a Kano, akwai rubuce-rubucen marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ciki har da littafinsa a kan yadda ake juya addini domin cin ribar siyasa, wanda har yau ya fi yawancin abin da ake rubutawa da safiyar nan bayyana halin da muke ciki. Amma a lura da abu guda: kusan dukkansu da Turanci suke. Su Bala Usman sun san wannan matsala, shi ya sa ba su tsaya a mujallar The Analyst ba, suka fitar da Fitila da Hausa. Yau muna da masu karanta Hausa a waya fiye da duk wanda Fitila ta taɓa kaiwa gare shi, amma abin da ake zuba musu shi ne rigimar mawaƙa da 'yan fim, da raddin malamai ga juna, da yabon gwamna. Wannan giɓin laifinmu ne mu masu rubutu, kuma faɗin cewa komai ya riga ya wadata yana hana a cike shi.

Hujja ta uku ita ce tarihi. Suna kawo Janairun 2012, da EndSARS, da Agustan 2024. A 2012 litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, matasa suka cika tituna daga Ojota zuwa Kano, kuma Facebook da Twitter da BlackBerry sun taimaka wajen kiran su. Amma abin da ya mayar da farashin naira 97 shi ne yajin aikin gama-gari da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka fara ranar 9 ga wata, wanda ya rufe bankuna da kasuwanni da tashoshin jirage, da barazanar ma'aikatan mai ta tsayar da haƙowa. Da ƙwadago suka janye, titi ya watse, duk da cewa wayoyin suna nan a hannu. A EndSARS an rusa sunan rundunar 'yan sanda ta SARS, sannan aka yi harbin Lekki ranar 20 ga Oktoban 2020, kuma babu wata ƙungiya tsayayya da za ta ɗauki maganar daga nan.

A nan zan ba su abin da yake nasu. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara ƙanana da aka kama a zanga-zangar Agusta a gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi saboda yunwa. Bidiyon ya zagaya, cikin kwanaki kaɗan aka ba da umarnin sakin su. Ba don waya ba da wataƙila har yanzu suna tsare. Wannan aiki ne babba, kuma shi ne ainihin ƙarfin kafafen: ƙararrawa ce, tana tayar da gari idan gobara ta tashi. Amma ko ɗaya daga cikin buƙatun da suka fito da yaran titi, na farashin mai da na abinci, ba a biya ba. Kuma ganin tutar Rasha a hannun wasu masu zanga-zanga a Kano da Kaduna ya nuna abin da ke faruwa idan yunwa ta fito ba tare da ilimin siyasa ya riga ta ba.

Game da zaɓen 2023 kuwa, maganar gajeriya ce. Peter Obi ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, kuma intanet na da hannu a ciki, amma sunan jam'iyyarsa ne kawai na leburori, manufarsa ta kasuwa ce. Wanda ya tsaya da aƙidar gurguzu a fili, Omoyele Sowore, mai gidan jaridar intanet da tarin mabiya, bai kai ƙuri'a 15,000 ba a duk ƙasar. PRP, magajiyar NEPU ta haƙiƙa, ba ta kai 100,000 ba. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce zamanin jam'iyya da reshe da katin zama ɗan ƙungiya ya wuce, tunda saƙo ɗaya yana isa ga dubbai a daƙiƙa. Wanda ya faɗi haka bai san abin da NEPU ta kasance ba. Tun kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ƙarfinta bai taɓa zama saurin saƙo ba. Ƙarfinta shi ne tela da mahauci da ɗan koli da malamin allo da suka san juna ido da ido, suka san wanda zai kai wa iyalin ɗaurarre hatsi idan alƙalin En'e ya tura shi gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka ta dawo ta ci gaba domin akwai jama'ar da take komawa cikinsu. Wannan ginin na kusan shekara talatin ne ya haifi nasarar PRP a 1979, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya ji a aljihunsa a shekarar. Kwatanta da Abubakar Idris Dadiyata, mai sukar gwamnati a intanet, wanda aka ɗauke daga gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019. An yi ta rubuta sunansa a intanet shekara da shekaru, har yau babu labarinsa. Kuma a Yunin 2021 gwamnati ta rufe Twitter da sanarwa ɗaya, ya zauna a rufe wata bakwai.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A Masar, matasan Facebook sun taimaka wajen kifar da Mubarak a Fabrairun 2011, amma da aka zo zaɓe Ikhwan ne suka ci, domin su ke da rassa a unguwanni, sannan a 2013 soja ya karɓe, domin shi ya fi kowa tsari. Sudan ta ba da darasin ta ɗaya fuskar. Boren Disamban 2018 ya kama wuta ne a Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa mai daɗaɗɗen tarihin ƙwadago, a kan farashin burodi. Ƙungiyar ƙwararru ta likitoci da lauyoyi da malamai, tare da kwamitocin unguwanni, su suka riƙe shi har al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yuni, sojoji suka katse intanet na waya a faɗin ƙasar, suna zaton shi ne ran boren. Kwamitocin suka koma bin gida-gida, suna raba takarda, suna rubutu a bango, suna sanarwa a bakin masallaci da kasuwa. Ranar 30 ga Yuni, intanet na katse, dubban ɗaruruwan mutane suka fito a Khartoum da Omdurman da sauran birane, kuma cikin mako guda sojojin suka amince da yarjejeniyar raba mulki da farar hula.