Takardar shaida ba ta tsaron daji

A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da Baturiya a Jigawa. Tambayar da ba a tsaya a kanta ba ita ce: su wa za su tsare su, kuma wa zai koya musu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce taron bita: kwana uku a zauren otal, da kuɗin zama, da hoto, sai takardar shaida. Daga nan a ce an horar da jagororin kare namun daji. Wannan yaudarar kai ce, kuma Zariya ta fi kowane gari hujjar ƙaryata ta.

Bakaniken Sabon Gari ba ya barin yaronsa ya kwance inji sai ya daɗe yana miƙo sifana yana kallo. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya a 1964 ba ta sakin ɗalibi ya tashi shi kaɗai sai ya tara sa'o'i a sama tare da malami. A asibitin koyarwa na Shika, sabon likita sai ya shekara ƙarƙashin manyansa. To, me ya sa aikin daji kaɗai aka ɗauka ana ƙware shi a kan kujera?

Mai tsaron gandu yana bukatar ya karanta sawu, ya gane tarkon waya a cikin ciyawa, ya ƙidaya dabbobi yadda alƙalumansa za su amintu. Zai fuskanci manomin da giwa ta cinye wa gona, da makiyayin da ya shigo da shanu domin ba shi da wani wurin kiwo. Zai rubuta rahoton da zai tsaya a gaban alƙali, ya kuma ƙi karɓar na goro daga mai saran itace. Duk wannan sai an bi bayan wanda ya iya, damina da rani.

Samaru ta taɓa sanin haka. A shekarun 1960 Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana bin wani tsuntsu mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, mai haƙa sheƙa a gaɓar rafukan Zariya, har ya nuna yadda waɗansunsu ke taya iyaye ciyar da 'ya'ya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Yau wannan salon aiki ya fi ƙarfi a Jos, inda cibiyar APLORI, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum, take horar da ɗalibai kaɗan-kaɗan, suna kwana suna tashi a bakin daji tare da malamansu. Makarantun Mweka a Tanzaniya da Garwa a Kamaru ma a kan aikin fili suka yi suna.

Za a ce rashin tsaro ya hana shiga daji. Gaskiya ne babu mai hankalin da zai tura ɗalibai Kamuku a Birnin Gwari alhali 'yan bindiga suna kai-komo. Amma dajin da aka bari ba ƙwararrun masu sintiri shi ne ya fi sauƙin zama mafakar ɓarayi. Kuma koyo ba sai a Kamuku ba. Madatsar Kubanni tana cikin harabar jami'a, ga Yankari da giwayenta.

Za a kuma ce mutane na fama da yunwa, wa ke ta ungulu? Duk dattijon Sabon Gari ya san yadda ungulaye suke cika kwata a da, ya kuma san yau da wuya a ga ɗaya. Tun 2015 aka sa irin wannan ungulu cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Indiya ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayenta saboda maganin dabbobi mai suna diclofenac, mushe ya koma hannun karnuka, haukan kare ya ƙaru. Garin da yake da tsangayar likitan dabbobi bai kamata a yi masa dogon bayani ba.

Gyaran ba ya cin kuɗin da ya fi na otal. A tura ɗalibi wata shida a gandu, ƙarƙashin ma'aikaci guda da zai amsa tambaya a kansa. A ɗauki tsofaffin maharba su koyar da sawu da halin dabba, a biya su kamar malamai, tun ba su tafi da iliminsu ba. A sa yawan ɗaliban da malami ya yaye a fili cikin ma'aunin ƙarin girmansa. Masu ba da tallafi kuwa su daina ƙirga mahalarta taro. Su dawo bayan shekara biyu su tambaya: cikin waɗanda aka horar, nawa ne suke bakin aiki a daji, kuma su wa suke koya wa?