Kwaɗin Fadamarmu Sun Fara Shiru

Jama'a, na san wasu za su yi dariya. A ce ana fama da tsadar taki da matsalar tsaro, ni kuwa kwaɗo ya dame ni. To, ba kwaɗon zogale ba, ba na ƙofa ba, na cikin ruwa nake nufi.

Makon jiya na kwana ƙauyenmu a yankin Kebbe, tsakiyar damina. Da muna yara, kukan kwaɗi kan hana mutum barci. A wannan daren sai da na kasa kunne. Da safe na tarar da wani ƙanena yana wanke tankin feshi a bakin tafki. Na ce, "Kai, ruwan nan ba shi da masu gida?" Ya ce, "Yaya, kwaɗi ne fa kawai."

Ga kuma masu kamu da tocila da buhu. Burduddugi kuɗi ne yanzu: a busar, a ɗora mota zuwa Kudu. Wanda ya san Hadeja ya san har kasuwarsu ake ci. Ni ban ga laifin mai neman halak ɗinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kamun farkon damina, lokacin da suke taruwa su zuba ƙwai. An kwashe uwa, an kwashe na baɗi.

Wasu sun riga mu gani. Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi a 1987, bayan ƙorafin ƙwari sun yi yawa a gonakin shinkafa, manoma na ƙara sayen magani. A tsibirin Dominika da ke yankin Karebiyan akwai wani ƙaton kwaɗo da suke kira kazar dutse, a da shi ne abincin alfaharinsu. Farauta ta rage shi, sai cutar fata ta shigo a 2002 ta kusa ƙarar da shi. Yau a gidajen dabbobi na Turai ake kiwonsa don kar ya ɓace.

Mu kau ba sai mun jira doka daga Abuja ba. Sarakunan ruwa sun saba hana su a tafki har lokacinsa ya yi. Hakiman Tambuwal da Kebbe su zauna da su da shugabannin manoma, a ɗaga wa kwaɗi ƙafa daga ruwan farko zuwa ƙarshen Agusta, a kuma hana wanke tankin feshi a tafki.

Mutanen Kuchi da Romon Sarki, ku faɗa mini, ku ma kun ji shirun nan ko kunnena ne ya tsufa?