Sayen Hom Tiyata: Da Ido Muke Saye Ko Da Kunne?

Duk wanda ya saba zuwa ganin ɗakin amare a garin Bauchi, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, daga Kobi zuwa Yelwa, ya san cewa a yau jere bai cika ba sai an ga talabijin manne a bango, ga kuma hom tiyata a ƙarƙashinta. Haka abin yake a ɗakunan samari da na ɗalibai mazauna Gwallameji. Wannan ba aibi ba ne, don kuwa zamani riga ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muke sayen wannan na'ura da yadda muke girka ta. A yawancin gidajen da nake shiga, sifikoki biyar ɗin nan a jere suke reras gaban talabijin kamar kwanukan kanta, an cusa wufa a kusurwa, an ƙure murya. An biya kuɗin sifika shida, ana cin moriyar ɗaya. Ni a ganina, da ido muke sayen hom tiyata, alhali abin kunne ne, kuma wannan kuskure yana cin aljihunmu da lafiyarmu da zumuncinmu da maƙwabta.

Me Ya Sa Sifikokin Suka Zama Shida?

Asalin abin daga gidajen silima ya fito. Tun a shekarar 1940 kamfanin Walt Disney na Amurka ya gwada kewaye 'yan kallo da sauti a fim ɗinsa mai suna Fantasia. A 1992 kuma tsarin Dolby Digital ya shiga silima da fim ɗin Batman Returns, daga baya faifan DVD ya shigo da shi cikin gidaje. Shi ne tsarin da ake rubutawa 5.1 a jikin kwali, wato sifika biyar da wufa ɗaya.

Kowace da aikinta. Ta tsakiya ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa. Biyun gaba, dama da hagu, su ke ɗauke da kiɗa da motsin abin da ido ke gani. Biyun baya na ƙarar ruwan sama ne da hayaniyar kasuwa da motar da ta wuce ta bayan mai kallo. Wufa kuwa ta sauti mai kauri ce, irin rugugin aradu. Idan aka tara su wuri guda, duk sautin daga gaba zai riƙa fitowa, hikimar da aka saya da tsada ta tashi a banza ke nan.

Yadda Ya Kamata A Girka Su

Ya kai mai karatu, ka ɗauka kana zaune a tsakiyar fuskar agogo, talabijin tana kan ƙarfe 12. Sifikar tsakiya a nan za ta zauna, dab da ƙasan talabijin ko samanta. Ta hagu a kan ƙarfe 11, ta dama a kan ƙarfe 1, wato digiri 30 kowane ɓangare. Biyun baya kuma kusa da ƙarfe 4 da ƙarfe 8, kimanin digiri 110. Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar tun 1992, kuma da shi masu haɗa sautin fim suke aiki. Na gaba su kasance daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, suna fuskantarsa, na baya kuma a ɗan ɗaga su sama da kai.

Sai dai falon Bahaushe ba ɗakin silima ba ne. Mu kujerunmu a jikin bango muke jera su, tsakar ɗaki kuma na masu zama a kafet ne da yara. Saboda haka babu wani fili a bayan doguwar kujera. Mafita ita ce a maƙala sifikokin bayan a bangon dama da na hagu, daidai inda kujerar take, suna kallon juna, a bi da wayoyinsu ta gindin bango don kada yara su yi tuntuɓe. A kuma lura da launin waya, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. In aka juya na sifika ɗaya, sai sautin ya yi siriri, a yi ta zargin mai shago ba da haƙƙinsa ba.

Ita wufa ba ta da tsayayyen wuri, domin kunnen ɗan Adam ba ya iya tantance inda sauti mai kauri yake fitowa. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa tana mai da sautin gurnani har ya danne magana. A gwada ta a wuri biyu ko uku, a zauna a saurara. Haka kuma ɗakin da yake tayil a ƙasa, siminti tsirara a bango, amsa-kuwwa yake yi. Kafet da labule mai kauri da kujerun kushin suna gyara sauti fiye da ƙarin kuɗin da za a zuba a na'ura.

Tambayoyi Uku Kafin A Shiga Kasuwa

Kafin mutum ya nufi shagunan Wunti ko Babbar Kasuwa, ya kamata ya yi wa kansa tambayoyi uku. Ta farko, yaya girman ɗakin? Ɗakin haya mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, ga gado ga katifa ga akwatuna, ba shi da masaukin sifika shida. Sifika biyu masu kyau da wufa, wato 2.1, sun wadatar, har da canji a aljihu.

Ta biyu, me za a riƙa kallo? Finafinan Hausa sun faro ne a kaset ɗin bidiyo da Turmin Danya a 1990, suka koma faifan VCD, wanda hanyar sauti biyu kawai yake ɗauka. A yau ma da muke kallon shirye-shirye masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, ko muke tura waƙa daga waya ta bulutut, mafi yawan abin da ke isowa hanya biyu ne, dama da hagu. Na'urar ce kawai take rarraba shi ga sauran sifikokin. Wanda kallonsa bai wuce wannan ba, abin da yake buƙata shi ne magana ta fita tangaran, ba yawan akwatuna ba.

Ta uku, me lambobin jikin kwali suke nufi? Za ka ga an rubuta dubban wat da manyan haruffa, gefe kuma PMPO. Wannan lamba ce ta talla, babu wani tsayayyen ma'auni a kanta. Wadda za a duba ita ce mai RMS, ita ke nuna ƙarfin da na'ura take iya riƙewa tana aiki. Ko ita ɗin ma kada ta ruɗe ka, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, sai an ninka shi sau goma kunne yake jin ƙarar ta ninka biyu. Ka tafi da abin da ka saba ji a wayarka, musamman mai magana, ka sa a kunna maka a hankali. Sifikar kirki a ƙaramar murya ake gane ta. Abin da ya ragu na kuɗi a sayi sitabilaiza, tun da mun san halin wutarmu.

Kunnenka Da Maƙwabcinka

Wani zai ce, kuɗina ne, gidana ne, ina ruwan wani? Amsa ita ce sauti bai san katanga ba, musamman na wufa, wanda yake ratsa bango fiye da kowane. A gidan haya, abin da kake ji a matsayin daɗi, maƙwabcinka dukan ƙirji yake ji, wataƙila yana jinyar tsohuwa, ko yana lallashin jariri, ko yana da jarrabawa da safe. Haƙƙin maƙwabtaka abu ne da muka tashi muka tarar ana girmamawa, kuma tun 2009 Nijeriya take da dokar ƙayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA.

Shi ma mai na'urar bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa matasa kimanin biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara fiye da kima. A ƙa'idarta, babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 ne kawai. Jin da ƙara ta lalata kuwa ba ya dawowa. Ga gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya na kusa da kai yake jin maganarka, to ka wuce gona da iri. Abin lura shi ne, yawanci rashin jin magana sosai ne yake sa mu ƙure murya, shi kuma rashin iya girki ne yake kawo shi. Gyara zaman sifika yana rage ƙara da kansa.

Kammalawa

Ina kira ga iyayenmu mata masu haɗa kayan ɗaki da su daina auna darajar jere da yawan sifika, domin kayan da aka saya don bakin mutane ba sa ƙarewa da alheri. Angwaye da samari kuma su ɗauki awa guda su auna ɗaki, su raba sifikokin nan, su zauna su saurara. Masu shaguna su ma su riƙa tambayar mai saye girman ɗakinsa kafin su nuna masa babban kwali. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana. Hom tiyatar da aka girka daidai, mai ɗaki ne zai ji daɗinta, maƙwabci kuma ya yi barcinsa lafiya. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon gyarawa.