FILIN MASU SANA'A: Rigar Wucin Gadi Ga Motar Faiba Kafin Fenti

Duk wanda ya saba bi ta wajen masu gyaran mota a Jalingo ya san ma'anar mota mai launin toka-toka ko ja-ja: aikin kwankwasa ya ƙare, kuɗin fenti bai zo ba. Mai ita ya sa an fesa mata firaima don kada tsatsa ta ci ƙarfen, yana jiran albashi ko kuɗin amfanin gona. Wannan dabara ce mai kyau ga motar ƙarfe. Amma yanzu an fara samun samari a ƙasar nan masu ƙera jikin mota da faiba, su ma kuwa wannan hanya suke sha'awar bi, alhali abin da ya yi wa ƙarfe magani yana iya zame wa faiba cuta.

Faiba dai zaren gilashi ne da ake shimfiɗawa cikin mazubi, a jiƙa shi da wani ruwa mai kama da ƙaro wanda ake kira rezin, in ya daskare ya zama kamar ƙashi. Da irinsa ake yin ƙananan jiragen ruwa masu inji. A shekarar 1953 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da Corvette guda 300 masu jikin faiba, dukansu farare. A 1964 kuma wani maƙerin jiragen ruwa a Kalifoniya, Bruce Meyers, ya ƙera motar yawo a rairayi da ya kira Manx, daga bisani ya riƙa sayar da jikin kawai, mai saye ya ɗora a kan ƙashin tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Nan kusa, a maƙwabciyar Taraba, watau Jihar Filato, Jerry Mallo ya ƙera motar da aka nuna a 2019, wadda aka yi jikinta da zaren kabon, ɗan'uwan faiba.

Abu na farko da ya kamata mai irin wannan mota ya sani shi ne, faiba ba ya tsatsa. Saboda haka jan firaiman da ake shafa wa ƙofofi da tagogin ƙarfe ba shi da aikin yi a kansa. Na biyu, jinkirin fenti ba asara ba ce. Ko da an cire jiki daga mazubi yana da tauri, rezin bai gama nuna ba. Yakan ci gaba da ƙanƙancewa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, zafi kuma yana gaggauta masa. Wanda ya yi hanzarin fesa fenti mai tsada, wata rana zai ga saƙar zaren ta bayyana a ƙarƙashin fentin kamar zanen tabarma, wuraren da aka cike da fila kuma su loɓa. Ranar Jalingo ta watan Maris da Afrilu tana yin kyauta aikin da Turawa ke biyan kuɗin ɗakin gashi dominsa.

Tambayar ita ce, me motar za ta sa a jikinta cikin waɗannan watanni? A nan ne ake yin ɓarnar. Wani zai sayo fentin mai irin na ƙofar gida ya shafa da buroshi, ya ce ai na ɗan lokaci ne. To, ranar da mai fenti ya fesa nasa a kai, tinar da ke ciki tana iya tayar da na ƙasa ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Dole a cire shi ƙaf. Kuma maganin cire fenti da ake zuba wa ƙarfe, yawancinsa yana cin rezin, don haka ba makawa sai samfefa da ƙarfin damtse, lungu-lungu, ga ƙurar faiba mai sa ƙaiƙayi da cutar da huhu. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Wanda ya fi wannan muni shi ne mai son ƙyalli, wanda zai goge jikin da man goge mota mai silikon, ko ma da baƙin mai. Maiƙo yana shiga ƙananan kofofin da ido ba ya gani. Bayan wata shida, in aka fesa fenti, sai ya riƙa gudun wuraren yana barin ramuka kamar idon kifi, mai fenti kuwa shi za a ɗora wa laifi, ba ya ci ba ya sha.

Firaima mai launin toka da aka saba da shi ma ba abin dogaro ba ne a waje. An yi shi ne don a goge, shi ya sa yake da laushi, yana kuma shan ruwa kamar sabuwar tukunya. Motar da ta sha daminar Jalingo, daga Mayu zuwa Oktoba, da irin wannan riga, ta adana danshi a jikinta. In aka rufe shi da fenti, ranar da rana ta buɗe danshin zai nemi hanyar fita, fentin ya yi bororo.

Hanyoyi biyu ne suka fi aminci. Idan jikin ya fito daga mazubi da fatarsa mai santsi da ake kira jelkot, to ya riga ya zo da rigarsa. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, sannan da maganin cire kaki, domin akan shafa wa mazubi kaki don kada jikin ya manne, a bar shi haka nan. Zai kode, amma kodewar a sama take, samfefa za ta ɗauke ta. Sai dai a lura, wankewa ce ke zuwa kafin gogewa. Wanda ya fara da samfefa ya cusa kakin ciki ne.

Idan kuwa an riga an goge jelkot ɗin, ko an yanka an haɗa har zare ya fito fili, to barinsa tsirara ganganci ne, don zaren yana jan ruwa kamar lagwani. A nan sai firaiman ifoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa. Shi yana toshe kofofi, ruwa ba ya ratsa shi, kuma ba sai an cire shi ba ranar fenti. Ya fi na toka tsada, gaskiya ne, rana ma tana sa shi yin gari-gari a sama in ya daɗe. In kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwani sun wuce, sai an karce shi da samfefa kafin wani abu ya kama a kansa. Amma kuɗin da aka kashe masa yana nan cikin aikin, ba a zubar ba.

Akwai kuma ledar da ake liƙa wa mota, da fentin roba da ake ɓarewa da hannu. Suna da kyan gani, sai dai leda takan bar danƙo, kuma tana ɓoye wa mai ita tsagewar da ya kamata ya gani tun da wuri.

Wanda ya gama harhaɗa motarsa da bazara, sai ya bar ta ta sha rana, da damina ya shigar da ita ƙarƙashin rumfa mai iska, kada ya naɗe ta da tampol ta yi ta gumi. In ruwa ya ɗauke a Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, ya zagaya jikin da alli yana yi wa kowace tsaga da loɓa alama, ya gyara, ya yayyafa wa daɓen rumfar ruwa don ƙura ta kwanta, sannan ya aika a kira mai fenti.