Takardar Kuɗin Ajiye Mota A Ingila

Kowace shekara ɗalibanmu da ma'aikatan gwamnati na zuwa Ingila ƙaro ilmi, wasunsu kuma kan sayi mota. Lalle ne su san wata doka da ke iya cin kuɗinsu ko da wani ne ya tuƙa motar.

A can, galibin filayen ajiye motoci na manyan kantuna kamfanoni ne ke kula da su. In mota ta zarce lokacin da aka ƙayyade, sai kamfani ya biya hukumar DVLA fam 2.50, ta ba shi sunan mai rajistar motar da adireshinsa, ya aika masa takardar neman kuɗi har fam 100. Wannan ba tarar hukuma ba ce, bashi ne na yarjejeniya. Amma kada a raina ta, gama a 2015 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa kamfanin ParkingEye fam 85 a kan Barry Beavis. Wanda ya sake gida bai sanar da DVLA ba kuwa, ana iya yanke masa hukunci bai ji ba, tabon ya bi sunansa shekara 6.

Bisa dokar 2012, ana iya bin mai rajista wannan kuɗi a Ingila da Wales in ba a san direba ba. To, amma da sharaɗi. In kyamara ce ta ɗauki lambar motar, wajibi ne takardar ta iso cikin kwana 14, ɗauke da duk bayanin da doka ta tanada. In kamfani ya saɓa, ba shi da ikon bin mai rajista, kuma babu mai tilasta wa mai rajista ya faɗi sunan direba. Nan ne mutane ke kā da kansu, su rubuta cewa su ne suka ajiye motar, alhali ba a tambaye su ba.

Mai ƙorafi zai fara rubuta wa kamfanin cikin kwana 28. In an ƙi, ya ɗaukaka zuwa POPLA ko IAS. Abin da ba mu gamsu da shi ba shi ne, kamfanonin ne ke ɗaukar nauyin masu sauraron ƙarar. Gwamnati ta fito da ƙa'idojin gyara a Fabrairun 2022, kamfanoni suka kai ta kotu, ta janye su a Yuni.

Muna kira ga hukumomin da ke tura ɗalibai waje su sa wannan bayani cikin jawabin sallama.